Lissafin shiga makarantar nas: inda munka kai da yaran zaurenmu a Jega

Lahadi, 11 ga Mayu 2025

Yau munka fara. Su biyar ne, Autarmu, da ɗiyar yayana, da 'yan mata biyu na maƙwabta da sunka gama sakandare bara, sai wata matar aure mai goyo da ke bayan layinmu wadda ta ce maigidanta ya yarda ta nemi karatun ungozoma in dai za ta iya cin jarabawa. Duka sun yi JAMB, kuma duk kwalejin nas ta Birnin Kebbi suke hari, in ba ta samu ba su nemi ta koyon aikin lafiya da ke nan Jega. Wurin karatu zauren Baba, bayan la'asar, duk ranar da ba ni da diyutin yamma a asibiti, don ni ma nas ce.

Lissafi kaɗai za mu yi kuma ga dalili. Mai son karatun nas JAMB ɗinsa Turanci ne da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, babu lissafi ciki, to tun ranar da sunka ajiye biro a WAEC ba wadda ta sake waiwayar shi. Alhali kiredit biyar ɗin da ake nema har da lissafi, a zama ɗaya ko biyu, kuma tsofaffin tambayoyin tantancewa da na tattaro hannun ƙannen abokan aiki duk akwai shi. Wannan ma na shiga ne kawai, bayan an shiga fa, magani da ƙarin ruwa da awon ciki da sikeli duk lamba ce.

Na ba su tambaya 20 ba kalkuleta. Wadda ta fi ta ci 11. Na tambayi 0.5 da 0.25 wanne ya fi girma, uku sunka ce 0.25 don wai 25 ta fi 5. Dukansu suna da kiredit a lissafi, kuma wallahi abin ya taɓa min rai, don yaran nan ba daƙiƙai ba ne, mai goyon nan tana sai da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ba a taɓa cutarta a canji ba.

Doka ɗaya na kafa: ba mai taɓa biro sai ta fara faɗin kintace, wato amsar nan wajen nawa za ta kai, babba ce ko ƙarama, ta wuce ɗari ko ba ta kai ɗaya ba. Sannan a yi lissafi a gwada da kintacen.

Laraba, 21 ga Mayu

Har yanzu muna kan sau. Daga sau biyu zuwa sau biyar lafiya lau, sau goma ma haka, amma 6, 7, 8 nan ne rami, 7 sau 8 sai an tsaya ana ƙirga yatsu a ƙarƙashin hijabi. Na rubuta masu wuyar a kwali an liƙa jikin bango kusa da randa, duk wadda za ta sha ruwa ta karanta ɗaya da ƙarfi. Inna ma ta haddace 56.

Mun taɓa BODMAS kaɗan, wato ƙa'idar wane lissafi ake fara yi kafin wane. 8 + 4 × 3, huɗu sunka ce 36, amsar 20 ce don ninkawa ake fara yi kafin tarawa. Sai 24 ÷ 4 × 2, nan kuma rabawa da ninkawa matsayinsu ɗaya, daga hagu ake bi zuwa dama, 12 ke nan ba 3 ba. Zafi ya yi yawa yau, ba wuta, munka tashi da wuri.

Litinin, 26 ga Mayu

Wannan ranar zan daɗe ban manta ta ba. Firakshan munka shiga, na rubuta 3/4 + 1/6 a allo, ɗiyar yayana ta tara sama da sama ƙasa da ƙasa ta ce 4/10. Na ce ke ɗiyata tsaya, mi kika kintata? Ta yi shiru. Na ce uku bisa huɗu ya kai rabi ko bai kai ba, ta ce ya wuce, na ce huɗu bisa goma fa, ta ce bai kai ba, na ce to ya za a yi ki ɗauki abin da ya wuce rabi ki ƙara masa wani abu sannan ya dawo ƙasa da rabi. Ita da kanta ta goge. Amsar 11/12 ce, amma goge ɗin da ta yi ba tare da na ce ba daidai ba ne shi na fi so.

Muna cikin neman LCM, wato ƙaramar lambar da duk lambobin ƙasa za su shiga ba saura, sai Baba ya shigo zai wuce masallaci, ya tsaya yana kallon allo, ya ce ai wannan asalin mas'ala ne na rabon gado, mi ya sa kuke wahala. Auta ta ce Baba dan Allah yi mana bayani. Ya zauna bakin dakali ya ce kason da Alƙur'ani ya ambata a Suratun Nisa'i shida ne, rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi, wato 1/2, 1/4, 1/8, 2/3, 1/3 da 1/6. Ya ce mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da mahaifiya da ɗan'uwa shaƙiƙi, matar tana da sumuni, 'ya'yan sulusi biyu, uwa sudusi, to wace lamba ce 8 da 3 da 6 duk za su shiga ba saura? Sunka yi ta gwadawa har mai goyo ta ce 24. Ya ce madalla, raba dukiyar gida 24, mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, an samu 23, ɗayan da ya rage na ɗan'uwa. Na sa musu kuɗi a ce naira 2,400,000 ce, nan take sunka ce kowane kaso dubu ɗari, mata dubu 300, 'ya'ya dubu 800 kowacce, uwa dubu 400.

Abin da ya sa na daɗe a kan wannan, duk sun yi Islamiyya, sun ji waɗannan kason tun suna ƙanana, kuma a boko an koya musu LCM shekara da shekaru, amma ba wanda ya taɓa ce musu abu ɗaya ne. Baba ya ce zai riƙa leƙo mu. Kiran sallar magariba ya tada mu.

Asabar, 31 ga Mayu

Desimal. Nan ne zuciyata take, don nan ne aikinmu yake da haɗari. Na zana layi a ƙasa da gawayi daga 0 zuwa 1, kowacce ta zo ta tsaya inda take ganin 0.5 yake, da 0.25, da 0.75, da 0.05, kuma 0.05 ɗin nan ya ba su wuya sosai, biyu sunka je sunka tsaya tsakiya wurin 0.5. Sai na ɗauko sirinji mara allura na 1 ml da na 5 ml da kofin ruwa, na ce ke zuƙo 0.5, ke kuma zuƙo 0.05, ku ɗaga mu gani. Da ido ya ga bambancin ba a sake gardama ba, ɗaya rabin sirinji ɗaya kuma ɗan ɗigo ne a baki, ninki goma tsakaninsu.

Na gaya musu ƙa'idar rubutu da ake koya wa kowace nas: in lamba ba ta kai ɗaya ba sai an sa sifiri gaban ɗigo, 0.5 ba .5 ba, don ɗigon na iya ɓacewa a takarda a karanta 5. In kuma lamba cikakkiya ce ba a ƙara mata ɗigo da sifiri, 5 ake rubutawa ba 5.0 ba, don kar a karanta 50. A jarabawa matsar da ɗigo gida ɗaya maki ɗaya ne ya tafi, a ɗakin yara kuma ninki goma ne na magani a jikin jariri mai kilo uku. Ban faɗa don in tsorata su ba, amma gara su ji daga bakina tun yanzu.

0.3 × 0.2 anka ce 0.6, amsar 0.06. Sai 4.5 ÷ 0.5, Auta ta samu 9 amma ta ƙi yarda da amsarta, wai Yaya ya za a yi a raba abu ya ƙaru. Na ce mai goyo, in kina da man gyaɗa lita huɗu da rabi kina ɗurawa a gorar rabin lita, gora nawa za ki cika, ko numfashi ba ta ja ba ta ce tara. Auta ta yi dariya ta ce ashe haka ne.

Mun yi hutu sai bayan Babbar Sallah. Aikin gida: tambaya goma kullum, a turo min hoto ta WhatsApp.

Asabar, 14 ga Yuni

An dawo daga Sallah, biyu ne kawai sunka riƙe aikin gida, sauran hidimar nama da ziyara ta cinye su, sai da munka koma baya kan desimal kusan rabin lokaci. Ba komai.

Kashi cikin ɗari munka fara, kuma tunda hanyar Baba ta yi aiki na bi ta zakka. Zakkar kuɗi 2.5 cikin ɗari, wato ɗaya bisa arba'in, mai naira miliyan 20 da ta shekara zai fitar da dubu 500, raba da 40 kawai. Zakkar amfanin gona kuma in ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma, in da wahala anka shayar kamar masu shinkafar rani da injin ban ruwa a fadama ɗaya bisa ashirin, to buhu 60 na damina buhu 6, na rani buhu 3, kashi 10 da kashi 5 ke nan. Wannan ya shiga da sauri don kowacce gidansu ana noma.

Wanda bai shiga da sauri ba shi ne hawa da sauka. A ce mudun shinkafa ya tashi daga 2,000 zuwa 2,500, ƙarin 500 ne a kan 2,000, kashi 25. In ya sauko daga 2,500 ya koma 2,000 duk sunka ce ai kashi 25 ne ma, a'a, 500 ne a kan 2,500, kashi 20. Kullum da farashin da anka taso daga gare shi ake gwadawa. Masu tsara tambaya suna son wannan tarkon ƙwarai, kuma amsar kuskuren tana nan zaune cikin A B C D tana jiran mai gaggawa.

Na zo musu da ledar ƙarin ruwa wadda ta ƙare don su karanta jikinta. An rubuta 0.9%, ma'ana giram 0.9 na gishiri a kowane 100 ml, to leda mai 500 ml giram 4.5, lita ɗaya giram 9. Mai suga kuma 5%, giram 5 a 100 ml, leda guda giram 25. Ɗaya daga cikin 'yan maƙwabta ta ce Anti ashe abin da ake rataya wa mutane ruwan gishiri ne, na ce eh, amma gishirin da anka auna daidai da na jinin mutum, kuma tsaftatacce, ba wanda ake haɗawa a gida ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Wani malamin sakandare a unguwarmu, mutumin kirki ne kuma ya girme ni, ya tare ni a hanya ya ce Malama ina jin labarin aikin da kike, Allah ya saka, amma shawara, lokaci ya ƙure, ki bar wannan sirinji da gora ki ba su tsofaffin tambayoyi su haddace, ai maimaitawa ake. Na ce na gode Malam, zan duba.

Na duba ɗin kuma. Yana da gaskiya ta wani ɓangare, ba za a tambaye su lissafin ƙarin ruwa a jarabawar shiga ba, lissafin sakandare ne ake yi, kuma dole su saba da yanayin tambayoyin da Turancinsu. Don haka daga yanzu rabin kowane zama na tsofaffin tambayoyi ne. Amma haddar amsa ban yarda da ita ba, an canza lamba ɗaya shi ke nan yarinya ta zauna, kuma ko ta haye ta shiga, shekarar farko akwai jarabawar da ke tankaɗe mutane, gaba kuma akwai ta hukumar nas da ungozoma ta ƙasa wadda sai an ci ta ake samun lasisi. Ni kuma wata rana ɗaya daga cikinsu za ta karɓe ni diyuti, ina so in tafi gida hankalina kwance.

Talata, 1 ga Yuli

Ma'auni. Kilo ɗaya giram 1,000, giram ɗaya miligiram 1,000, miligiram ɗaya maikirogiram 1,000, lita ɗaya mililita 1,000. Duk dubu-dubu ne, sauƙi gare shi a baki, matsalar ita ce sanin yaushe za a ninka yaushe za a raba. Nan ma kintace ya fitar da mu, in za ki koma ƙaramin ma'auni lamba ta yi yawa, in za ki koma babba ta ragu. 0.25 g ta zama 250 mg. Wadda ta samu 0.00025 ta tambayi kanta, miligiram ƙanana ne, ya za a yi lambarsu ta gaza ta giram.

Daga nan na nuna musu lissafin da muke yi kullum, abin da likita ya rubuta a raba da abin da ke jikin kwalba a ninka da yawan ruwan. Maganin ruwa mai 125 mg a cikin 5 ml, an rubuta 250 mg, kafin biro na ce kintace, sunka ce ninki biyu ne Anti, 10 ml, ƙaramin cokali biyu tunda cokalin magani 5 ml ne. Sai na kawo na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani tunda lokacinsa ya zo, allurar atesunet, babba ko yaron da ya kai kilo 20 ana ba shi 2.4 mg a kowane kilo, yaron da bai kai kilo 20 ba kuma 3 mg a kowane kilo. Yaro mai kilo 12, 36 mg. In an haɗa ta don jijiya kowane 1 ml yana ɗauke da 10 mg, to 3.6 ml. Mai kilo 25 kuma 25 × 2.4 ya ba da 60 mg cif, kwalba ɗaya mai 60 ke nan. Ɗiyar yayana ta fara samun 600, ta dubi allo ta ce kai, kwalba goma ga yaro ɗaya, ba zai yiwu ba, ta koma ta gyara ɗigon. Ban ce mata uffan ba, amma daɗi ya cika ni.

Na ja musu kunne, kuma duk mai karanta wannan ina ja masa, waɗannan misalan lissafi ne, ba izinin yi wa yaro allura a gida ba. Likita ke rubutawa, kuma ko mu a asibiti, maganin yara sai mutum biyu sun duba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ruwa ya hana mu zama sau da yawa makon nan, zauren yana yoyo ta kusurwa, kuma mai goyo ɗanta ba lafiya, gudawa, ta yi kwanaki ba ta zo ba. Na je na dubo su, ya samu sauƙi alhamdu lillahi. Ta nuna min yadda ta haɗa ORS, ruwan gishiri da suga na gudawa, leda ɗaya a lita ɗaya na ruwa, ta ce da can a kofi take zubawa da ido, yanzu gorar rabin lita ta cika sau biyu. Ta ce Anti na tuna reshiyo. Ba mu ma kai reshiyo sosai ba a aji, ita ta kai kanta.

Yau ɗin munka yi shi. Raba marasa lafiya 45 tsakanin ɗaki uku a kan 2:3:4, a tara a samu 9, kowane kaso 5, wato 10, 15, 20. Wannan bai ɗauki lokaci ba, rabon gado ya riga ya share hanya.

Lokaci ne ya ɗauki lokaci. Awa 1.5 wasu sunka ce awa ɗaya da minti 50, wasu minti 150, alhali minti 90 ne, don awa 60 take ba 100 ba, 2.25 kuma awa biyu da kwata. Sai da wannan ya zauna na kawo ƙarin ruwa: leda 500 ml za ta shiga cikin awa 6, igiyar da munka fi amfani da ita ɗigo 20 ne ke yin 1 ml, ɗigo nawa a minti? 500 × 20 ɗigo 10,000, awa 6 minti 360, a raba a samu 27.8, ɗigo ba ya rabuwa sai a ce 28. Auta ta raba da 6 maimakon 360 ta samu 1,667, na ce ke Auta rufe ido ki hango ɗigo dubu da ɗari shida a minti ɗaya, ta ce Yaya ai wannan famfo ne. 28 kuwa kusan ɗigo ɗaya ne duk daƙiƙa biyu, abin da ido ke iya bi da agogo a hannu. Na nuna musu gajeriyar hanya ma, nemo ml nawa a awa ki raba da 3 in igiyar mai 20 ce, 500 raba 6 kusan 83, 83 raba uku kusan 28, amma sai da na tabbatar sun gane daga ina ukun ta fito, 60 raba 20.

Juma'a, 25 ga Yuli

Jiya na kai su kafe don su taɓa kwamfuta da lissafi a gabansu. JAMB ta riga ta koya musu danna A B C D da N na wucewa gaba da P na komawa baya, wannan ba matsala, matsalar ita ce agogon da ke ƙirgawa a saman allo, da sun gan shi sai hannu ya fara rawa, ɗaya ta tsaya kan tambaya ɗaya minti shida. Mun yi magana a kai a hanyar dawowa, tambayar da ta ƙi a wuce ta a dawo, kuma kafin a fara dogon lissafi a dubi amsoshin huɗu, sau da yawa kintace kaɗai na kashe biyu, wani lokacin har uku. Misali 19.8 × 5.1, kusan 20 sau 5 ne, duk amsar da ba ta kusa da ɗari ba a bar ta.

Ɗaya daga cikin 'yan maƙwabta ta samu aikin rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda ake bi gida-gida duk wata ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59. Ta ce iyaye shekara suke faɗa ba wata ba, sai ta riƙa juyawa a kai, wata 59 shekara huɗu da wata goma sha ɗaya, yaron da ya cika biyar ya fita. Za ta rasa zama uku ko huɗu duk wata amma na ce ta je, kuɗin fom ma daga nan zai fito.

Sauran lokacin yau zafin jiki munka yi. Daga Salshiyos zuwa Faranhait a ninka da 9 a raba da 5 a ƙara 32, 37 ta zama 98.6, 40 ta zama 104, waɗannan biyun na ce su riƙe a ka don su zama ma'aunin kintace, duk zazzaɓin da za a ba su amsarsa tana tsakanin nan ko kusa. 38.5 ta ba da 101.3. Sai matsakaici, an auna mara lafiya sau huɗu 37.2, 38.6, 39.0, 38.4, jimla 153.2, raba huɗu 38.3, kuma matsakaici ba ya taɓa fin babbar lamba ko ya gaza ƙaramar, wadda ta samu 51 ta san da 3 ta raba.

Mai goyo ta roƙi in nuna mata lissafin ranar haihuwa tunda ungozoma take so. Ranar farko ta al'adar ƙarshe a ƙara kwana 7 a ƙara wata 9, in 10 ga Fabrairu ce sai 17 ga Nuwamba, ciki mako 40 ne kwana 280. Ta rubuta a bayan littafinta ta ja layi biyu.

Asabar, 2 ga Agusta

Gwaji na cika, tambaya 40 cikin minti 40, na haɗa daga tsofaffin tambayoyi na canza lambobin, Baba ne mai riƙon agogo kuma bai ƙara ko daƙiƙa ba duk da magiyar jikarsa. Mai goyo 33, Auta 31, ɗiyar yayana 29, 'yan maƙwabta 27 da 21. Mai 21 ɗin ita ce ke rabon magani, ba ta kai ƙarshe ba, amma cikin 26 da ta amsa biyar kawai ta faɗi, to ita sauri ne matsalarta ba fahimta ba, zan riƙa ba ta tambaya goma cikin minti takwas da safe kafin ta fita.

Na zauna da takardun daren nan na ware kurakuran. Kurakuran desimal da ma'auni kusan sun mutu, kuskure uku ne a duka takardu biyar. Inda ake zubar da maki yanzu wuri biyu ne. Na farko tambayoyin labari masu dogon Turanci, irin na ma'aikata kaza sun gama aiki cikin kwana kaza, in an ƙara mutane kwana nawa, sai su ninka inda ya kamata su raba, mutum 6 kwana 10, mutum 12 sai a ce kwana 20 maimakon 5, kuma na lura a irin waɗannan ne suke mantawa da kintace don hankalinsu ya tafi wurin fassara. Na biyu lambobi masu alamar ɗebewa, -3 - 5 da -3 × -5, waɗannan ban ba su haƙƙinsu ba tukuna don sai yanzu munka iso.

Tsarin mako mai zuwa: Litinin da Laraba tambayoyin labari, kowacce ta karanta da Turanci ta faɗa min da Hausa abin da ake nema da kintacenta kafin ta rubuta komai. Alhamis lambobi masu alamar ɗebewa, zan bi ta bashi da biya tunda mai goyo tana da littafin masu cin bashin ƙuli, ta ce za ta zo da shi amma za ta rufe sunaye. Asabar kuɗin ruwa da riba da faɗuwa, sai ƙananan ikweshan masu x ɗaya. Malamin nan na unguwarmu ya aiko da wasu tsofaffin tambayoyin Fiziks da Kemistiri masu lissafi ciki, ya ce in ina so zai karɓi ranar Lahadi ya yi musu su, na ce ina so, Allah ya saka da alheri. Na kuma ce kowacce ta haɗa rizal ɗinta na WAEC ko NECO da takardar JAMB da takardar ƙaramar hukuma da hotuna a fayil ɗaya ta kawo in duba sunaye da ranar haihuwa ko sun dace da juna, don na ɗiyar yayana akwai harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin takardu biyu, kuma gyaran irin wannan yana cin lokaci, ranar Litinin da safe babanta zai fara bin sa.